Ƙaho a Bayan Ummu

Ranar da aka dawo da Ummu Kebbe daga babban asibitin kudu, tun ba ta sha ruwa ba kakarta Inno ta ɗaga mata riga. Ga ɗinki nan ya taso daga ƙirjin hagu ya zagaya har baya, kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke. Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai, kuma a Kebbe ba wanda ya taɓa jin an buɗe mutum an gyara masa zuciya ya tashi, sai a kan wannan yarinya 'yar shekara tara.

"La'ilaha illallahu," in ji Inno. "Sun feɗe min ke awa ragon Layya."

Lauratu, uwar yarinyar, tana durƙushe a bakin ƙofa da jaririnta Bube a baya. Ummu ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kiran sunanta, ba ta kallonta a gaban mutane, ba ta sa baki a sha'aninta. Tun yaye Inno ta ɗauke ta. A ɗakin Inno take kwana, ita take ce wa Inna, uwarta kuwa Yaya. Da ƙafar tsohuwar za ta iya doguwar tafiya, da ba Lauratu aka tura jinya ba.

Amma akwai maganar da ta riƙo a bakinta tun daga asibiti. Ta juya fuska wajen bango ta sauke ta.

"Inna, likita ya ba da saƙo. Da anka ƙare aikin, jini ya ƙi tsayawa. Anka sa mata na kwalba wanda ya daɗe a aje, bai yi ba. Ya ce cikin jini akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu toshe rauni, nata sun yi ƙaranci, na kwalba kuma sun mutu. Sai da anka ɗebi na babanta da ɗuminsa anka sa mata, sannan ya tsaya. Ya ce har yanzu ba su cika ba. Kada a yi mata tsaga, kada a yi ƙaho. Ko ƙaya ta soke ta, a danne wurin."

Inno ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke 'yar Tambuwal, ɗiyar fari fa ce kike zuba zance kanta haka, ido bushe. Jirgin ƙasa ne ya kwashe miki kunya?"

Matan da suka shigo barka suka yi dariya.

"Kuma da bakinki kike faɗa min an tsotse min ɗa. Shi ya sa ya dawo awa karan dawa."

Sama'ilu, mijin Lauratu, yana tsaye a tsakar gida yana jin komai. Ya sosa wuya, ya fita zaure wurin yayansa Ɗangiwa, wanda shi ne babba a gidan, kuma a ƙarƙashinsa duk maza suke noman gandu.

Makonnin farko Ummu ta yi kyau. Leɓɓanta da a da suke baƙi suka yi ja. Tana iya ƙetare tsakar gida ba ta tsaya ta dafa turmi tana haki ba. Lauratu takan leƙa ta ta kafar zana, ta gan ta tana kora kaji, sai ta koma kan tukunyarta tana murmushi ita kaɗai. Da bazara ta kankama sai tabbai suka fara fito wa yarinyar, shuɗi-shuɗi, a cinya da damtse da gadon baya, ko'ina tabarma ta danne ta.

Na'iya wanzami ya zo yi wa Ɗangiwa aski ranar wata Juma'a. Shi ne wanzamin gidan, ubansa ma shi ne na uban Ɗangiwa. Shi ya yi wa Ummu askin suna, shi ya cire mata beli, kuma tun da ya ji wasu baƙi sun sa mata wuƙa ba a ko shaida masa ba yake cike. Inno ta sa aka kai masa yarinyar zaure. Ya danna tabon da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Mataccen jini na," ya ce. "Sun yanka sun ɗinke, sun bar dattin ciki. In ba a fidda shi ba, zuciyar zai koma."

Lauratu ta ji wannan a bakin matar Ɗangiwa. Da Sama'ilu ya shigo cin abinci ta ajiye masa akushi, ba ta tashi ba.

"Malam, kai kana wurin. Da idonka ka ga gadon asibitin nan ya jiƙe da jini. Ka faɗa musu."

"Zan yi wa Yaya magana."

"Yau?"

"Ke kam. Ai na ce zan yi."

Bai yi ba. Ranar Lahadi da hantsi Inno ta kira Lauratu da fara'ar da ba ta saba ba, ta ɗora mata ƙwaryar gero ta ce ta kai gidan suna a can ƙarshen gari, ta kuma tsaya ta taya su daka. Lauratu ta je, ta yi dakan. Tana cikin daka gabanta ya faɗi, ta jingine taɓarya ba ta yi wa kowa sallama ba ta kamo hanya.

Ta tarar da Ummu kwance rub da ciki a inuwar rumbu, ƙahoni a jere a bayanta, Inno ta riƙe mata ƙafafu. Na'iya ya riga ya yi tsagar. Yana cire ƙahon farko ya karkata shi kan yashi yadda ya saba. Kowa ya san jinin ƙaho guda-guda yake faɗowa, kamar yankan hanta. Wannan sai ya zubo tsararo, yashi ya shanye.

Na'iya ya dubi ƙahon, ya dubi bayan yarinyar. Kowace tsaga tana ɗiga.

"Kun gani ko?" ya ce, muryarsa ta ɗan sauka. "Har ya zama ruwa don lalacewa. Ku bar shi ya fita."

Ya shafa mata toka, ya tattara zabirarsa, ya tafi da sauri fiye da yadda ya zo.

Toka ta jiƙe. Inno ta sa garin bagaruwa, ya jiƙe. Aka kwaso saƙar gizo daga rufin ɗaki aka manna, ta zame. Har la'asar jinin bai yi gudu ba, bai kuma tsaya ba. Tsattsafowa yake a hankali kamar gindin sabuwar randa.

A nan Lauratu ta yar da kunya. Ta shiga ɗakin Inno ba sallama, ta kwance zanen goyonta, ta ninke shi, ta danne bayan yarinyar da hannu biyu.

"Ummu," ta ce. Tun ranar suna sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. "Ummu, kina jina?"

Yarinyar ta buɗe ido da mamaki. "Yaya, ke ce? Ƙishirwa nike ji."

"Ku zo ku ga ikon Allah," Inno ta ɗaga murya don matan gida su ji. "Ta kira sunan ɗiyar fari. Saura ta goya ta ta zaga gari."

"Zan goya ta in ta kama, Inna."

Kashegari dasashin yarinyar ya fara jini. Jibi ya ɓalle ta hanci. Tafin hannunta ya koma fari kamar na mai wanki, in aka zaunar da ita sai kanta ya langaɓe. Lauratu ta tare a ɗakin, hannu ɗaya kan bayan Ummu, ɗaya riƙe da Bube a nono. Duk zanen da ta sa sai ya rine. Kuma duk wanda ya leƙo da abin da zai faɗa. Inno ta ce mugun ne ke fita, in ya ƙare mai kyau zai tsaya da kansa. Matar Ɗangiwa ta ce ai ita ma an yi mata ƙaho tana ƙarama, ga ta nan da 'ya'ya shida. Na'iya ya aiko cewa tun kakanni askarsa ba ta taɓa cin mutum ba, a binciki abin da mutanen kudu suka ɗura mata. Shi kansa bai sake taka gidan ba.

Lauratu ta yafa mayafi ta je ƙofar zaure ta durƙusa. Ɗangiwa na zaune yana ɗaure ƙotar sungumi.

"Baba Ɗangiwa, a ba ni jaki guda a kai yarinyar nan ɗakin shan magani na Tambuwal."

"Jakai suna kai taki. Ba ki ga gabas ba? Hadari na haɗuwa."

"Jininta na ƙarewa."

"Wa ya auna miki shi?" Bai ɗago ba. "An kai ta kudu, mi anka samu? An yanka ta. Yanzu uwata ta yi mata maganin da anka yi mana duk, kin tada gida. Wagga yarinya ta Inno ce. Ke baƙuwa ce a zancenta."

Da yamma aka ji wata motar hatsi za ta tashi zuwa Tambuwal da safe. Lauratu ta tsare Sama'ilu a bayan ɗaki, ta kamo hannunsa ta ɗora kan zanen da ta cire daga bayan 'yarsa. Ya ji danshin, ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya ce to, da shi za a tafi.

Kafin gari ya waye ruwan farko ya sauka, mai yawa, irin wanda ake jira. Da asuba Ɗangiwa ya tsaya tsakar gida yana kiran maza ɗaya ɗaya, a fito da iri, a fito da sungumi. Lauratu ta fito da Ummu a baya, Bube a kafaɗa. Sama'ilu yana tsaye tsakanin ƙofa da yayansa.

"Ina za ka?" in ji Ɗangiwa. "Danshi zai jira ka?"

Sama'ilu ya dubi ƙasa. "Ku yi gaba," ya ce wa matarsa. "Da mun rufe gonar fadama zan biyo ku. Gobe war haka ina Tambuwal."

"Ka rantse."

"Wallahi."

Motar ta yi ta kafewa a laka, sai bayan azahar suka isa. Tambuwal garin su Lauratu ne, yayanta Tambaya ya tarye su ya ɗauki yarinyar a hannu zuwa ɗakin shan magani na En'e. Malamin asibitin ya ɗaga zanen ya duba. Ya wanke tsagogin, ya naɗe su tam da bandeji, kafin ya wanke hannu jan ya huda farin.

"Wannan ya fi ƙarfina," ya ce. "Jini take so, sabo, wanda za a ɗiba a sa mata nan take. Sai babban asibitin Sakkwato. Akwai wanda an san nasa ya dace da nata?"

"Babanta. Nawa an gwada a kudu, bai yi ba."

"To da shi za ku tafi. In kun je da wani ba a san ko zai yi ba. Motarmu za ta Sakkwato gobe da safe."

Da safe motar ta tsaya a ƙofar ɗakin shan magani. Lauratu ta tsaya a bakin hanya tana duban wajen Kebbe. Direba ya yi haƙuri, ya ƙara haƙuri, ya ce yana da wasu marasa lafiya a ciki. Ta dubi motar, ta dubi hanya. Mijinta ya rantse mata zai zo. In ta tafi ba shi, ta kai yarinyar wurin da ba abin da za a sa mata. Ta ce wa direba ya tafi.

Tambaya ya hau keke ya nufi Kebbe. Ya dawo kashegari da rana, laka har gwiwa, shi kaɗai, da kaza ɗaure a bayan keke.

"Na iske su gona," ya ce. Ya kasa kallon ƙanwarsa. "Ɗangiwa ya ce sun rufe ta fadama, saura ta tudu, kuma ƙasa ta fara bushewa. Inno ta ce ɗanta bai gama mai da jinin da anka ɗiba ba, ba za a sake tsotse shi cikin aikin damina ba. Ta ce a yi wa yarinya romo."

"Shi fa? Mi ya ce?"

"Bai aje sungumi ba, Lauratu. Ya ce a gaishe ku."

Tambaya ya ce a tafi da shi a gwada nasa. Suka sami wata motar kaya mai zuwa Sakkwato, aka shimfiɗa Ummu kan buhuna, kanta a cinyar uwarta. Ba ta ƙara neman ruwa ba. Numfashinta ya koma gajere, da sauri, kamar na ɗan tsako. Zuciyar da aka sha wahalar gyarawa tana bugawa a ƙarƙashin tafin Lauratu, tana neman abin da za ta tura babu. Da suka wuce Dogon Daji yarinyar ta motsa leɓe.

"Yaya, sake faɗin sunana."

Lauratu ta faɗa. Ta yi ta faɗa, har Tambaya ya dafa kafaɗarta ya buga wa direba jikin mota ya ce a tsaya.

A Tambuwal aka binne ta. Mutanen Kebbe sun zo gaisuwa bayan sun gama shuka, da ƙwaryar goro da fuskokin tausayi. Ɗangiwa ya ce kwana ne ya ƙare, ba mai tsallake ranarsa. Inno ta shiga cikin gida tana kuka na gaske, don ta so yarinyar, ta ce tun da aka taɓa zuciyar ta san ba za ta daɗe ba. Ta ce a yafi juna. Lauratu tana zaune tana ba Bube nono, ba ta yi kuka ba. Da Sama'ilu ya aiko a ce mata ta shirya su koma, ta ce a faɗa masa ya sawwaƙe mata. Ya yi biko har ya gaji. Kafin gero ya fid da kai ya sake ta.

Zanen goyon nan kuwa ba ta wanke shi ba. Ta shanya shi ya bushe, ya yi baƙi, ya ƙandare kamar fata, ta naɗe ta sa ƙarƙashin gado.

Damina ta yi kyau a shekarar. Da kaka, gidan Ɗangiwa suka koro jakai zuwa kasuwar Tambuwal da buhunan gero, suka sauke a layin 'yan hatsi. Ɗangiwa ya kwance bakin buhu ya nutsa hannu yana nuna wa masu saye ƙwayar. Sama'ilu na riƙe da jakai.

Sai ga Lauratu da Bube a baya. Ta zo daidai gaban buhunan, ta warware zanen ta shimfiɗa a ƙasa, ta danne gefunansa da duwatsu don kada iska ta ɗauka. Ta zauna a gefensa ta miƙe ƙafa.

Wata mai tuwon sayarwa ta matso da ƙwaryarta, ta ga zanen, ta tsaya.

"Baiwar Allah, wannan fa?"

"Jinin ɗiyata ne," in ji Lauratu, ba ta ɗaga murya ba. "Sunanta Ummu. An yi mata aikin zuciya ta warke. Likita ya ce kada a tsaga ta, anka aike ni gidan suna anka yi mata ƙaho. Tana son jinin ubanta, ga shi can riƙe da jaki. Wannan yayan nasa ya hana shi zuwa, don su shuka geron ga. Gero ne mai kyau, Inna. Ki auna."

Matar ta dubi buhun, ta dubi Ɗangiwa, ta kife ƙwaryarta a ka ta wuce gaba.

Na biyu ya zo, ya tambaya, ya ji, ya wuce. Na uku bai ma tambaya ba, an riga an faɗa masa a layin 'yan barkono. Kafin rana ta take mutane sun yi da'ira, ba mai ciniki, sai kallo. Wata tsohuwa ta tambayi sunan wanzamin, Lauratu ta faɗa mata, ta ƙara da unguwarsu.

"Mahaukaciya ce!" Ɗangiwa ya ce wa jama'a. "Baƙin ciki ya taɓa ta. Ku tada ta daga nan!"

"In ƙarya ta yi, ka faɗi inda ta yi ƙaryar," in ji wani dattijo mai awo daga rumfarsa. "Muna ji."

Ɗangiwa ya kau da kai. Ya juya ga ƙanensa, ko zai yi magana. Sama'ilu ya kafa wa zanen ido.

Da la'asar ta yi, ko mudu ɗaya ba a auna ba. Wani dillali ya raɗa wa Ɗangiwa cewa ya kwashe kayansa, yana kashe wa maƙwabta kasuwa. Ɗangiwa ya tsuguna gaban Lauratu, abin da bai taɓa yi ba, ya sassauta murya.

"Haba 'yar nan. Abin da ya wuce ya wuce. Mi kike so a yi miki?"

"Jaki guda na roƙe ka."

"To yanzu mi kike so?"

"Ku mai da shi gida ku ci. Kai da Inna da shi. Ku kuka shuka, kada ku ba kowa."

Suka ɗaure bakin buhuna, suka ɗora wa jakai. Da Sama'ilu ya zo wucewa ta gabanta ya tsaya, ya miƙa hannu zai taɓa kan Bube. Ta juya yaron ɗaya gefen.

"Lauratu, ki yafe min."

"Ban yafe ba. Ka faɗa wa Inna ita ma ban yafe ba."

Ta kwashe duwatsun, ta kaɗe zanen a hankali don kada ya karye, ta naɗe shi.

"Baba Ɗangiwa," ta kira shi yana kora jakin ƙarshe. "Na ji dawarku ma ta yi kyau bana. Duk kasuwar da za ku kai ta, ko Dogon Daji ko Fakku, ku duba gaban buhunanku. Ina nan zaune."